Ku Bari Ta Gama

Auta ta kai shekara uku da rabi ba ta taɓa kirana Umma ba. In tana nemana sai ta zo ta kama gefen rigata ta ja, ta ce "ba." Ruwa "ba" ne, takalmi "ba" ne, yayyenta biyu ma duk "ba" ne, sai dai ta haɗa da yatsa a gane wanda take nufi.

Ni tela ce. Shagona ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da kantin fenti. Keken ɗinki biyu ne a ciki, da teburin yanka, da dogon madubi a bango inda mata ke jujjuyawa suna neman laifin ɗinkina. A ƙarƙashin teburin nan Auta ta yi wayo, cikin ƙyallaye. A nan kuma na gane cewa abin da mutane ke faɗi a kanta ba haka yake ba. Ina kan keke, ko ɗago kai ban yi ba, sai in ce, "Auta, miƙo mini zare shuɗi, ba mai duhun ba, ɗayan." Ta tashi ta buɗe gwangwani ta kawo wanda na ce. In almakashi ya ɓace, ita ta san inda na ajiye shi.

Goggonsu, yayar mijina, ita ta fara yanke hukunci. Ta zo mana yini, ta ƙare wa yarinyar kallo, ta ce, "Wannan kurma ce, ku daina wahalar da kanku."

Na ce, "Yaya, wace irin kurma ce ke jin ƙarar ledar biskit daga ɗaki na uku?"

"To in ba kunnen ba ne, ƙwaƙwalwar ce ba ta cika ba. Ku dai haƙura."

Mun kai ta an duba kunne, lafiya lau. An leƙa baki, an ɗaga harshe, ba a ga komai ba. Maƙwabta suka ce in kwantar da hankalina, ai ɗan gidan wane ma bai yi magana ba sai da ya shekara huɗu, yanzu ga shi ba a iya rufe masa baki. Na jira har ta cika huɗun.

Wata rana ana zafi ta shigo daga waje ta ce, "Ruwa." Tsaf, kamar kowane yaro. Na saki keke na durƙusa a gabanta.

"Sake faɗi, Auta. Me kika ce?"

Ta buɗe baki. Leɓɓanta suka yi gaba suka dawo, harshenta ya yi ta lalube. Ta ce "uwa." Ta ce "wura." Ta sake gwadawa, sai "ba" ɗin nan ta fito. Sai ta dunƙule hannu ta doki bakinta da kanta. Daga wannan dukan ban ƙara sauraren masu cewa in jira ba.

Wata ma'aikaciyar jinya da ke kawo mini ɗinki ita ta gaya mini akwai wata malama a babban asibiti, hawa na uku, can ƙarshen baranda, aikinta ke nan, masu matsalar magana. Muka tafi ni da baban yara. Ɗakin ƙarami ne, da 'yan kujerun yara, da kwali cike da kayan wasa, da fanka mai ƙara kamar za ta faɗo. Malamar gajera ce mai tabarau, ba ta da fara'a da manya, da yara kawai take da ita. Ta zauna a ƙasa da Auta kusan awa guda, suna hura takarda, suna kwaikwayon kukan dabbobi, tana kallon bakinta tana rubutu. Sannan ta juyo gare mu.

"Sunan abin afraksiya. Ba kurma ba ce, kuma hankalinta ƙalau. Ta san kalmar sarai, tana jin ta a cikin kanta kamar yadda kike jin taki. Bakin ma ba abin da ya same shi. Tsara motsin ne ke ba ta wuya, wato leɓe ya fara, harshe ya biyo, numfashi ya zo a kan lokaci. Ke da kike ɗinki kin sani, in hannu da ƙafa ba su tafi tare ba, zaren cukurkuɗewa yake yi."

Na ce, "Akwai magani?"

"Babu ƙwaya, babu allura. Maimaici ne. Abin da wani yaro zai ɗauka in ya ji sau biyar, ita sai ta yi shi sau ɗari biyar."

Baban yara gyaran firij ne sana'arsa, ya saba a kawo masa abu da safe ya gyara kafin yamma. Ya ce, "Malama, kamar wata nawa ke nan?"

"Ka tambayi shekara nawa."

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ni kuwa abu ɗaya nake son ji. "Za ta yi magana?"

"Za ta yi. Yadda maganar za ta kasance in ta girma ban sani ba, kuma duk wanda ya ce miki ya sani, ƙarya yake yi. Amma na ga yaran da suka shigo ɗakin nan ba su kai ta ba, yau roƙonsu ake su yi shiru."

Ta ce in rubuto mata kalmomin da zan so a fara da su. Na rubuto "sannu," "na gode," "ina kwana." Ta karanta, ta ja musu layi ɗaya bayan ɗaya.

"Waɗannan naki ne, don ki fita kunyar baƙi. Ita me take buƙata?"

Haka aka fara da "a'a," da "ba ni," da "bari," da "nawa." Sau uku a mako muna hawa mota biyu mu je, mota biyu mu dawo. A shago kuwa, sau uku a rana nakan tsayar da keke mu tsaya gaban madubi, minti goma-goma. Ta ɗora yatsa a leɓena ta ji yadda yake motsi, in ɗora nawa a nata, mu ja kalmar a hankali kamar waƙa. Masu kaya su zauna su jira. Wata ta taɓa cewa ita fa ba kallon makaranta ta zo yi ba. Na ninke mata yadinta na miƙa mata, na nuna mata shagon tela na gaba.

Mako bakwai "a'a" ta ɗauka kafin ta zauna daram a bakin Auta. Kuma a kan Goggo ta fara gwada ta. Goggo ta ɗauki 'yar tsanarta za ta ba wata jikarta da ke kuka, Auta ta riƙe ƙafar 'yar tsanar gam.

"A'a. Nawa."

Goggo ta saki baki. "Wato duk zirga-zirgar nan da kuke yi, rashin kunya ake koya mata?"

Baban yara ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. Daga ranar shi ya karɓi kai ta asibiti duk Laraba. "Umma" kuwa sai da ta shekara biyar da rabi ta fito, ina tsugune ina ɗaure mata takalmi, ta faɗe ta a kan kaina kamar ba komai ba, don tana so in sassauta igiyar.

Da lokacin makaranta ya yi tana da kalmomi kamar sittin, kuma wanda bai saba da ita ba, da ƙyar ya gane ɗaya cikin uku. Hedimastan makarantar unguwarmu dogo ne mai tarin makullai a ƙugu. Ya tambaye ta sunanta, ya tambaye ta launin rigarta. Ta yi ta kokawa da bakinta, shi kuma yana duba agogo.

Ya ce, "Hajiya, nan ba wurinta ba ne. Akwai makarantar masu lalura can ƙarshen gari, su suka san yadda ake yi da irinsu."

Na ce, "Makarantar tana da kyau ga wanda ke buƙatarta. Wannan tana gane duk abin da ka faɗa, har wanda ka faɗa yanzu. Ka tambaye ta abin da za ta nuna, ko ta rubuta."

"Ba ni da wannan lokacin. Yara arba'in ne a aji."

Washegari na rufe shago, na cika jaka da aikin hannu, kalmasa da sa maɓallai, na kama hannun Auta muka je muka zauna a bencin da ke ƙofar ofishinsa. Ya fito ya gan mu, ya wuce. Aka tashi, muka tafi gida. Gari ya waye muka dawo. Ban yi hayaniya ba, ban roƙi kowa ba, in ya wuce in gaishe shi da ladabi in ci gaba da ɗinkina. A rana ta uku malamai suka fara kawo mini aljihun da ya yage da zik ɗin da ya lalace, ina gyara musu muna hira. A rana ta huɗu ya tsaya a kaina, makullansa na kaɗawa.

"Baiwar Allah, wai me kike so?"

"Minti goma."

Ya shigar da mu yana huci. Ya yago takarda ya rubuta lambobi, ya tura wa Auta. Yarinyar da ta tashi tana ƙirga mini maɓallai tana karanta awo a jikin tef! Ta gama ta tura masa. Ya rubuta masu wuya, na 'yan aji biyu, ta gama su. Ya ce ta nuna masa taga, ta nuna masa abin da ya fi tsawo a ɗakin. Ta nuna shi.

Ya gyara murya. "To. Za mu ɗauke ta gwaji, wata uku."

Na ce, "Gwajin wa, ranka ya daɗe? Naku ko nata?"

Ya jawo rajista ya rubuta sunanta.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya miƙe. Lissafi ya zo mata da sauƙi, karatu da haɗa baƙi kuwa sun ba ta wuya ƙwarai. Yara suka sa mata suna Janareta, wai sai an ja ta sau biyar take tashi. Sau da yawa takan dawo da riga a yage, kuma ba kullum ita ce aka daka ba. Tana shekara tara ta ce ta gaji, ba za ta ƙara zuwa wurin Malama ba, ta kifa katunan kalmominta a kwandon shara. Na tafi ni kaɗai na kai ƙara. Malama ta ce, "Shekara biyar tana aikin da babba ba zai jure ba. Ki ƙyale ta ta huta." Wata biyu ba ta je ba. Ranar da ta koma, da kanta ta ɗauko takalminta, don an yi sabuwar yarinya a ajinsu mai dogon suna, tana so ta iya kiranta.

Zuwa shekara goma sha biyu baƙi na gane yawancin maganarta in ta bi a hankali. Dogayen kalmomi ne ke harɗe ta, sai kuma in ta gaji ko ranta ya ɓaci, nan komai ke wargajewa.

A nan ne nawa laifin ya fito, kuma ban gan shi ba sai da aka nuna mini. Na riga na zama bakinta. A mota ni ke faɗin inda za ta sauka, a kantin magani ni ke faɗin abin da ke damunta. Kafin ta kai rabin kalma na ƙarasa mata, ina ganin taimako nake yi.

Wata Asabar muka shiga kantin takalma. Mai kantin ya ce, "'Yammata, wanne kike so?"

Ta fara, "Ina son ta... ta..."

Na ce, "Takalmin makaranta take so, baƙi, lamba talatin da shida."

"Umma."

Yadda ta kira ni ya sa na juyo. Idonta ya kaɗa ya yi ja.

"Ki... bari... in gama."

Kantin cike da mutane. Mai kantin ya ɗaga kai yana duban silin kamar yau ya fara ganinsa. Ta juya gare shi, ta ɗauki lokacinta, ta gaya masa ba baƙi take so ba, ruwan ƙasa take so, mai maɗauri, kuma talatin da shida ya yi mata kaɗan tun bara.

A hanya na kasa haƙuri. "Ni kike yi wa tsawa a gaban mutane? Ni da na..."

Ta tsaya cak a gefen titi. Maganar ta fito mata gutsure-gutsure, amma ba ta bar ko ɗaya ba. "Kin yi faɗa... da kowa... don in yi magana. Yanzu ke ce... ba kya bari."

Na kai ƙararta wurin Malama ina jiran ta ce yarinya ta yi rashin kunya. Sai ta cire tabarau ta goge, ta ce, "Alhamdu lillahi. Rabin aikina ya ƙare. Saura naki."

Nawa ɗin ya fi wuya fiye da yadda na zata. Shekara takwas ina tsalle in tare mata kalma kafin ta faɗi, yanzu an ce in tsaya in kalle ta tana faɗuwa. Dabarar da na samu a shago ita ce, da zarar ta fara magana sai in kwashi fil uku in sa a tsakanin leɓɓana. Mai fil a baki ba ta katse kowa.

Tana shekara goma sha biyar Malama ta sallame ta. Da ta gama sakandare ta ce koyarwa za ta karanta. Babanta ya ajiye kofin shayinsa.

"Auta, ke da lissafi ke bi kamar ruwa? Ga aikin ofis, ke da kwamfuta, ba mai sa ki magana."

"Shi ya sa... ba na so, Baba."

Ta yi kwalejin horon malamai, ta fito, aka tura ta wata firamare, lissafin aji huɗu. In ka ji maganarta a lokacin, kuma har yau haka take, za ka ji tana ajiye kalmomi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai saukowa daga bene da kaya a ka. Wani lokaci ta tsaya tsakiyar kalma ta sake ɗaukowa daga farko. Duk yamma in ta dawo takan zauna da littafin darasin gobe, ta ja layi ƙarƙashin kalmomin da ta san za su ba ta wuya, ta yi ta maimaita su tana wanke-wanke.

Mako shida da fara aikinta wasu iyaye suka rubuta takarda. Wai malamar tana da lalurar baki, yara za su ɗauka, har wani yaro ya fara magana irin tata a gida. Shugaban kwamitin iyaye, wani mai sayar da tayoyi, shi ya fara sa hannu, kuma ɗansa ne yaron. Shugabar makarantar ba muguwa ba ce, rigima ce ba ta so. Ta kira Auta ta ce za ta mayar da ita ɗakin littattafai, aiki mai sauƙi, ba hayaniya. Auta ta ce ba ta nemi sauƙi ba, a ba ta dama ta yi wa iyayen magana a taronsu.

Ta biyo ta shago ta gaya mini. Kafin ta rufe baki na miƙe ina neman mayafina.

"Ina shagon tayoyin yake?"

"Umma, zauna. Ki zo taron. Amma... ko uffan."

"Ko an zage ki?"

"Ko an zage ni."

Ranar Asabar da safe aka yi taron, a wani aji da aka buɗe tsakaninsa da na kusa. Manyan mutane sun cusa gwiwoyinsu ƙarƙashin teburan yara. Na zauna a layin baya na rungume jakata. Mai tayoyi ya tashi, kuma gaskiya Allah ya ba shi baki. Minti goma yana zuba ba gargada. Ya ce ba ƙiyayya ba ce, su ma iyaye ne, suna tausaya wa malama, amma makomar yara ta fi gaban tausayi. Aka yi masa tafi.

Auta ta tashi ta tsaya gaban allo, ba takarda a hannunta.

"Sunan abin da nake da shi afraksiya. Da shi aka haife ni. Na san abin da zan faɗa, bakina ne ke... jinkiri. Ba a ɗaukarsa kamar mura. Da ana ɗauka, da Ummata ta ɗauka. Ga ta can baya. Ku tambayi maƙwabtanta... ko tana da matsalar magana."

Duk suka juyo suna kallona suna dariya. Na haɗiye abin da ya zo mini.

Ta ci gaba. "Kuna tsoron yaranku za su faɗi ja... jaba..."

Ta tsaya. Na ga leɓɓanta suna laluben nan da na sani.

"Jar... wa... jarba..."

Wani ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Wayyo, abin tausayi." Shugabar makaranta ta sunkuyo ta ce a hankali, "Gwaji, malama, ki ce gwaji." Auta ta ɗaga mata hannu ba tare da ta dube ta ba. Kalmar tana kan harshena, ta cika mini baki, na danne ta da haƙora har na ji ɗanɗanon jini. Auta ta ja numfashi, ta rage gudu, ta bi ta gaɓa-gaɓa.

"Jar-ra-ba-wa. Jarrabawa." Ta dubi ɗakin. "Kun gani. Daƙiƙa goma. Ba wanda ya mutu."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Ta juya wajen mai tayoyi.

"Alhaji, ɗanka yaro ne mai kai. Ba ɗauka ya yi ba, kwaikwayona yake yi... don ya ba ku dariya. Da ya yi, kun yi dariyar?"

Ya gyara zaman hularsa.

"To wannan ba a ajina ya koya ba. Ku zo ranar Litinin, duk mai so. Ku zauna a baya. In na gama darasi yaranku ba su gane ba, da ƙafata zan tafi, ba sai an rubuta takarda ba. Amma ba zan tafi don ina magana a hankali ba. Shekara ashirin na yi... ina koyon abin da aka ba ku kyauta. Ba a ɗakin littattafai zan ajiye shi ba."

Ta zauna. Sai wata tsohuwa ta ce daga tsakiya, ba tare da ta tashi ba, ita dai jikarta da ke kuka duk ranar lissafi ta daina kuka, kuma yarinyar ta ce wannan malamar ce kaɗai ba ta gudu ta bar ta a baya. Daga nan taro ya rikice, kowa na faɗin nasa, aka tashi ba a yanke komai ba.

A motar komawa gida Auta ta jingina kai da taga ta rufe ido. Na tambaye ta ko ta gaji, ta buɗe baki, abin da ya fito ko ni ban gane ba. Ta girgiza kai ta ƙyale. Ba ta ƙara cewa komai ba sai washegari. Mutanen da suka ji ta a gaban allo ba su ga wannan ba.

Ranar Litinin iyaye biyar suka zo suka zauna a baya. Mai tayoyi bai zo ba. Ya sa aka mayar da ɗansa wani aji, wasu biyu suka bi shi. Shugabar makaranta ta bar wa Auta ajinta, ta kuma yi zangon karatu guda tana amsa gaisuwarta da ƙyar.

Shekara takwas ke nan yanzu tana makarantar. Ta yi aure, tana da 'ya ɗaya. Har yau ba ta son kiran waya, amma ita ke kiran mai gyaran famfo da kanta, in ya katse ta ta sake kira. Har yau akwai ranakun da kalma ke ƙi, yaran ajinta su jira, don sun san in ɗaya ya yi gigin ƙarasa mata, shi zai fito allo.

Makon jiya ta zo shago in auna ta, tana son riguna biyu na aiki. Ina zagaya mata tef a ƙugu ta ce an buɗe gurbin mataimakin shugaba a makarantarsu, ta riga ta kai takardunta.

Na ce, "Ba mataimaki ne ke jan taron safe ba?"

"Shi ne."

"Yara ɗari shida, da lasifika? Kullum?"

"Kullum."

Na rubuta awon a littafi. "Za su daɗe a tsaye, Auta."

"Ƙafa gare su." Ta ɗaga hannu in auna tsawon hannun riga. "Ki sa mini aljihu biyu, Umma. Ɗaya na alli, ɗaya na waya. Kuma wannan karon... kada ki matse wuyan."